Rumbu da Azara

Ba wata faɗuwar a-zo-a-gani ba ce.
Santsin sabulu ne a bakin famfo,
na dafa ƙasa da hagu don in kare kai,
sai ƙas! kamar an karya karan dawa.
Ni Tabawa, mai ɗauko kwandon kifi
daga bakin Binuwai har cikin kasuwar Garwa,
shekara ashirin da bakwai ko targaɗe ban sani ba.

A asibiti aka yi wa hannun siminti.
Likitar, Madam Maidang, Hausarta gurguwa ce,
inda ta gaza sai ta cika da Fulatanci.
Ta ce, shekaru? Na ce arba'in da takwas.
Ta ce, al'ada fa?
Na dubi ƙafafuna.
Na ce ta zama baƙuwar da ba ta aiko da saƙo,
wata uku shiru, sai ta faɗo kamar ruwan bazara.
Da dare kuma zufa:
in yaye zane, in jawo zane, har asuba.

Ta ɗebi jini. Sefa dubu goma sha takwas,
ribar sati biyu ta shige kwalba ɗaya.
Takarda ta dawo da Faransanci,
da wata lamba ƙarama, sifili na jan gaba.

Ta juya bayan takardar, ta zana da biro.
Ta ce kowace mace da rumbunta ake haihuwarta,
an auna ƙwayar tun tana ciki,
ba a ƙari, ɗiba ake yi.
Lambar nan tsegumin rumbu ce,
tana faɗin abin da ya rage a gindi.
Naki ya kusa shara.

Na ce, to sai me?
Na haifi shida, biyar na raye,
ni da goyo mun yi sallama lafiya.

Ta ce ba zancen goyo take ba.
Rumbun nan shi ke biyan mai gadin ƙashi.
In hatsi ya yi ƙasa, mai gadi ya soma gyangyaɗi,
gara ta shiga azara.
Daga waje ɗaki lafiya lau,
ciki kuwa gari.

Sai Goggo Asabe ta faɗo mini,
doguwar mace, mai saukar da tulu ba ta durƙusa ba,
wadda ta ƙare a lanƙwashe kamar lauje,
tana gaishe da mutane ta takalmansu.
Muka ce tsufa ne. Wasu suka ce sammu.
Ba wanda ya ce rumbu.

Na ce, maganin fa?
Ta ce akwai, in an gwada ƙashi an ga inda ya kai.
Amma ki fara da kindirmo, da zogale, da riɗi,
da tafiyar ƙafa, da zaman hantsi,
da ƙananan kifi, a tauna har ƙaya.

Nan na yi dariya har hannun ya amsa.
Ƙananan kifi!
Waɗanda nake zuba wa mai ciniki gyara,
ina ba yara tsoka, ni ina lasar romo.

Yanzu a rumfa ina gaya wa Iyatu da Hajja Dudu.
Iyatu ta ce likitoci da neman kuɗi,
amma na ga ta shafa ƙugu kafin ta miƙe.

Balaraba ke ɗauko kwandon kafin in warke,
'yar sha tara, baya miƙe kamar giginya.
Likita ta ce ƙashi adashi ne,
da ƙuruciya ake zubi.
Jiya da magariba na tura mata ƙwaryar nono.
Ta ce, Inna, ai ke ce mai ciwo.
Na ce sha rabi,
ki miƙo mini sauran.